Asabar, 22 ga Nuwamba 2025: Lissafin talo-talon ranar Alhamis

Da asuba bayan sallah na zauna da biro da takarda don fitar da jerin abincin Alhamis. Saura kwana biyar bikin Ranar Godiya, wanda Amurkawa ke yi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, bana ta faɗo 27 ga wata. Ba aiki ba makaranta a ranar, shi ya sa dangi ke samun haɗuwa gaba ɗaya, tunda Sallah a nan sau da yawa ranar aiki take faɗowa, a sauko idi kowa ya kama gabansa. Bana a gidanmu na Bronx, cikin birnin New York, za a taru, manya takwas, yara huɗu.

Kafin in rubuta sunan abinci ko ɗaya sai da na ɗauko tef na auna cikin obin, na gwada tiren gashi na ga ƙofa tana rufuwa. Obin ɗaya ne a gidan, kan murhu huɗu, firji ɗaya. Talo-talo zai riƙe obin kusan awa huɗu shi kaɗai, saboda haka duk abin da za a ci tare da shi sai dai ya dahu a kan murhu, ko a yi shi tun Laraba, ko ya jira ɗan lokacin da talo-talon zai fito yana hutawa. Da wannan ma'aunin na tace jerin. Taliya da cuku ta fita, soyayyar shinkafa ta fita. Abin da ya rage: talo-talo da romonsa mai kauri, dafa-duka, dankalin turawa markaɗaɗɗe, gasasshen burodi mai kayan ƙamshi, dankalin Hausa, koren wake, miyar kiranberi (wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsami), fanken kabewa irin nasu, zoɓo, sai ƙaramar tukunyar miyar taushe saboda Hajiya. Matar Yaya za ta zo da masa.

Da hantsi na karɓo talo-talon a shagon naman halal inda na ba da oda tun makon jiya. Laba 14 ne, kilo shida da ɗan ɗoriya, daskararre kamar dutse. Lissafin da aka saba shi ne laba ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane mutum, domin ƙashi ya cinye kaso mai yawa na nauyin. Mu da dafa-duka da masa a gefe, laba 14 ya wadatar har a yi saura. In mutane sun kai ashirin, gara a sayi matsakaita biyu da a ɗauko ƙato mai laba 22, don kafin cikin ƙaton ya dahu bayansa ya bushe. Na tsaya a shagon na karanta takardar jikin ledar. Da yawa daga cikin daskararrun an riga an yi musu allurar ruwan gishiri tun daga kamfani, in an ƙara gishiri cikakke a kan irin wannan, ba ya ciwuwa. Nawa babu komai a ciki.

Sakin ƙanƙara shi ne aikin yau, kuma a nan aka fi yin asara. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ba da ƙa'ida: awa 24 a firji ga kowace laba huɗu zuwa biyar. Laba 14 ke nan kwana uku da rabi. In ya shiga firji daren yau, safiyar Laraba ya saki. Ba a barinsa a kan teburin kicin ya kwana, domin fatarsa za ta ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa alhali cikinsa ƙanƙara ce. Wanda lokaci ya ƙure masa sai ya nutsa shi da ledarsa a ruwan sanyi, minti 30 ga kowace laba, yana sauya ruwan duk rabin awa. Namu zai ci awa bakwai ke nan, kuma da ya saki sai obin, ba jira.

Ranar Laraba da safe za a buɗe shi, a zura hannu ta gaba da ta baya. Wuya yana cikin ciki, ƙullin ƙundu da hanta da zuciya kuma wani lokaci ta wajen wuya ake cusa shi, ƙarƙashin fata, mutum bai lura ba sai ya gasa da ƙullin. Batun wanki kuwa, na san ranmu ba ya kwanciya da naman da bai ga ruwa ba. Amma sakar wa tsuntsu mai kilo shida famfo yana fantsama ruwan ɗanyen nama a kan kwanuka da duk abin da ke kusa, wutar obin ce kuma ke kashe ƙwayoyin, ba ruwa ba. Ni goge shi nake da takardar kicin ciki da waje. Wadda ba za ta iya haƙura ba ta tsoma shi a babbar roba ba tare da famfo na zuba ba, sannan ta wanke wurin da sabulu da bilic.

Daga nan sai gishiri. Giram 50 na auna, kusan babban cokali uku ba kaɗan. A shafa a ƙirji da cinyoyi, a ɗaga fata a shafa a kan tsokar kanta, a ɗan barbaɗa a ciki, a mayar firji a buɗe, ba leda ba murfi, har zuwa Alhamis. Gishirin yakan fara janyo ruwa waje, ya narke a cikinsa, naman ya sake tsotse shi, da haka ɗanɗano ke kaiwa har ƙashi. Iskar firji kuma ta busar da fata, busasshiyar fata ce ke yin ja ta yi ƙaras-ƙaras. Talo-talo ba kazar Hausa ba ce da za a tafasa da albasa a soya. Tsokar ƙirjinsa kauri gare ta kuma ba kitse, in ba a yi mata wannan tanadin ba sai ta fito kamar auduga a baki.

Yaji ya ɗauke ni lokaci. Da so samu ne da yajin tsire zan shafe shi, amma abu biyu suka hana. Ƙuli-ƙuli ba ya jure awa huɗu a wuta, ƙonewa yake ya yi ɗaci. Na biyu, ɗan ƙanwata gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ko kaɗan ta taɓa bakinsa sai jiki ya kumbura, ba abin wasa ba ne. Saboda haka ba ƙuli-ƙuli a jikin talo-talo, ba man gyaɗa a kicin ranar, miyar taushe ma da agushi za a yi ta. Yajin tsire zai zauna a kwanonsa da cokalinsa a gefen manya. Abin da zai shiga ƙarƙashin fata shi ne bota sanda ɗaya, giram 113, a bar ta ta yi laushi, a kwaɓa da dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya shida, garin citta babban cokali ɗaya, garin tattasai babban cokali ɗaya, masoro da barkono ƙaramin cokali ɗaiɗai, da ɗan tayim. Ba maggi, gishirin Laraba ya isa. A sa yatsu a hankali a raba fata da tsoka kada ta yage, a tura botar ciki a baje ta. A waje mai kawai za a shafa, don tafarnuwa in tana sama baƙi take yi. Cikin ciki albasa biyu a raba huɗu da lemon tsami ɗaya, kada a cika shi dam, iska mai zafi tana bukatar hanya.

Lokutan Alhamis daga magariba na lissafo su baya. A New York ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa wajen 4:30, don haka a yi sallah, a zauna ci 5:15. Talo-talo ya fito firji 11:30, ya shiga obin 12:15 bayan azahar, zafi 325 a ma'aunin Faranhait, wato 163 a Salshiyos, kada a yi ƙasa da haka. Mai laba 14 da ba a cusa masa komai ba yakan ci awa uku da minti 45 ko kusa da haka, amma agogo ba ya gasa nama, daga ƙarfe 3:00 zan fara soka ma'aunin zafi. Wuri uku ake aunawa: tsakiyar ƙirji inda ya fi kauri, can cikin cinya, da gindin fiffike, kada bakin ma'aunin ya taɓa ƙashi don zai ba da lamba ta ƙarya. Ana neman 165, wato 74. Cinya ta fi daɗi in ta kai 175, ƙirji kuwa da ya wuce 165 ya fara bushewa, shi ya sa da fatar ƙirji ta yi ja zan rufe ta da takardar foyil, cinyoyi su ci gaba da shan wuta. Ɗan jan maɓallin roba da ake soka wa wasu talo-talon ba na dogara da shi, a makare yake tasowa. Buɗe obin kowane minti ashirin don kwarara romo ma na daina, zafi ne kawai ke gudu.

Ƙarfe 4:00 in Allah ya so ya fito, ya huta aƙalla minti 30 kafin wuƙa ta taɓa shi. In an yanka da zafinsa ruwan jikinsa a kan katako zai ƙare. Akwai kuma abin da na san zai taso: naman jikin ƙashin cinya yakan nuna ja-ja ko da ya dahu sarai, su Hajiya kuma in sun ga haka ba za su kai hannu ba. Maganinsa a yanyanka cinyoyin, a baje a tire da albasa da attaruhu, a mayar obin mai zafi 425 minti goma. Sai ya fito kamar balangu, kowa ya ci da kwanciyar rai.

Wannan ratar ta hutawa ita ce rabon sauran a obin. Burodin da Amurkawa ke cusawa cikin talo-talo ni daban nake gasa shi, domin in yana ciki shi ma dole ya kai 165, kafin nan ƙirji ya tashi aiki. Burodi laba ɗaya marar zaƙi, a yanka ƙanana tun Talata a bar shi ya bushe, ɗanyen burodi kwaɓewa yake. Albasa biyu da seleri (wani ganyen miya mai dogon kara) sanda huɗu a soya a bota, a haɗa da romo kofi biyu da rabi da ƙwai biyu, a gasa a 375, minti 25 a rufe, 15 a buɗe. Dankalin Hausa yana ƙasa a lokaci guda, yankakke da mai da kirfa.

Romo mai kauri daga wuya da ƙundu yake farawa. Laraba a dafa su da albasa da karas awa biyu a tace. Hanta a ware ta, tana sa romo ɗaci. Alhamis a kwashi kitsen tire kwata kofi, a soya fulawa kwata kofi a ciki minti biyu har warin ɗanyenta ya fita, a riƙa zuba romo kofi uku kaɗan-kaɗan ana kaɗawa don kada ya yi gudaji, a kankaro abin da ya kama a gindin tire a haɗa. A ɗanɗana kafin a sa gishiri, ruwan tiren da gishirinsa yake zuwa.

Dankalin turawa laba huɗu, a ɗora a ruwan sanyi, a tsane shi sosai, a murƙushe da hannu da madara mai ɗumi da bota. In ya shiga injin markaɗe danƙo yake yi kamar sakwara. Dafa-duka kofi shida, kayan miyanta a soya tun Laraba. Kiranberi leda ɗaya mai giram 340, suga kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, minti goma a wuta har 'ya'yan su farfashe, in ta huce da kanta take kama jiki. Tsaminta ɗan'uwan na zoɓo ne, zan jefa mata kanumfari biyu da ɗanyar citta. Talata za a yi ta tare da zoɓon.

Wajen sayayya da yamma karatun takardu ya fi cin lokaci. Ɓawon fanke na shago wani da man alade ake yinsa, na duba na ɗauki mai man ganye. Farar alewar nan mai laushi da suke jerawa a kan dankalin Hausa yawanci da gelatin na alade ake yinta, na bar ta. Ruwan banila na kwalba akwai giya a cikinsa, cikon kabewar ma bai bukace shi ba: gwangwanin kabewa mai giram 425, madarar ruwa gwangwani ɗaya babba, ƙwai biyu, suga kashi uku cikin huɗu na kofi, kirfa, citta, kanumfari. Minti 15 a 425, a rage zuwa 350 na minti 40 zuwa 50, a cire tsakiyarsa tana ɗan rawa, in ya wuce haka tsagewa yake. Daren Laraba ne lokacinsa.

Na sayo robobi masu murfi goma saboda saura. Cikin awa biyu da saukewa dole naman ya rabu da ƙashi ya shiga firji, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. Ƙasusuwan na farfesun Juma'a ne.

Bayan isha na kwashe kwalaben da ke bene na ƙasa a firji, na zaunar da talo-talon a can da ledarsa, cikin tire mai baki don ruwansa kada ya ɗiga kan komai. Gobe saura seleri, ƙanƙarar kula ta zoɓo, da batirin ma'aunin zafi.