Gidan Colonna a Roma

Ranar Asabar na shiga fadar gidan Colonna, wata tsohuwar zuri'ar masu sarauta a Roma, har yanzu abin bai sake ni ba. A matakalar marmara ta babban zaure, harsashin igwar da sojojin Faransa suka harbo a 1849 yana nan a kafe, ba wanda ya cire shi. Tun 1948 tsarin mulkin Italiya ya daina amincewa da sarautun gado, amma zuri'ar na zaune a gidan, suna kula da zane-zanensa, suna buɗe wa jama'a ƙofa. Gidan ya fitar da Fafaroma Martin na 5 a 1417. Ni dai Prospero Colonna ya fi burge ni: sau biyu yana magajin garin Roma, na biyun daga 1914 zuwa 1919, cikin wahalar Yaƙin Duniya na Ɗaya.