Saƙon godiya bayan rufe baje kolin fasahar bidiyo

A madadin waɗanda muka shirya baje kolin fasahar bidiyo kan rayuwar masu fasaha a cikin matsin tattalin arziki, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu har Allah ya nuna mana ranar rufewa lafiya.

Godiya ta farko ta masu ayyukan ce, domin ba ƙaramar jarumta ba ce mutum ya juya kyamara kan halin da ya saba rufa wa asiri. Ɗayanku ya ɗauki hannuwansa kaɗai suna naɗe zane-zanen shekaru suna cusawa cikin kwali, bayan kuɗin hayar ɗakin aiki ya fi ƙarfinsa. Wata kuma ta nuna kanta ta dawo daga aikin dare tana tace hoto gaban kwamfuta, barci na fizgarta. Ba ku nemi tausayin kowa ba, wannan ne ya sa ayyukan suka ratsa zukata.

Tun 1963 da Nam June Paik, ɗan asalin Koriya da ake ɗauka a matsayin uban fasahar bidiyo, ya baje akwatunan talabijin a birnin Wuppertal na Jamus, wannan fanni bai rabu da matsalar kasuwa ba, domin bidiyo ana iya kwafarsa ba iyaka, sai dai a sayar da ƙayyadaddun kwafi tare da takardar shaida, masu saye kuwa ba su da yawa. Da annobar korona ta rufe ɗakunan baje koli a 2020, ɗan abin da ake samu ma ya tsaya. Shi ya sa nake jinjina wa masu tallafinmu da suka amince a biya kowane mai fasaha haƙƙinsa tun kafin buɗewa. UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawara tun 1980 cewa mai fasaha ya cancanci ladan aikinsa da kariyar da ma'aikata ke samu, kuma a ganina abin kunya ne a nuna wahalar mutum a bango sannan a sallame shi da tafi kawai.

Ba zan manta da masu haɗa majigi da lasifika ba, waɗanda suka raba dare suna daidaita sauti don kada wani aiki ya danne wani, haka ma masu tsaron zaure, da 'yan kallon da suka zauna har ƙarshen kowane bidiyo.

An mayar wa kowa aikinsa, duk mai son nuna shi a wani wuri ya nemi izinin mai shi, ya kuma biya shi. Allah ya saka wa kowa da alheri.