Tsohuwar Hanyar Legas, Daga Mando Zuwa Jebba

Kafin a mayar da babban birnin tarayya Abuja a shekarar 1991, mafi yawan mutanen Kaduna da ke da buƙata a Legas, in dai ba jirgin ƙasa za su hau ba, ta Mando suke fita, su bi Buruku da Birnin Gwari, su ratsa Pandogari da Kagara da Tegina, su gangara Bokani da Mokwa, sannan su tsallake kogin Kwara a Jebba su nufi Ilori. Na bi wannan hanya takanas, kafin matsalar tsaro ta yi ƙamari a yankin, da niyyar in tsaya a kowane gari in ga abin da ya rage na zamanin da take tashe. Abokin tafiyata wani dattijo ne, aminin mahaifina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma tun ina ƙarami Baba nake ce masa.

Sharaɗinsa na farko shi ne mu tashi da an sallame sallar asuba, kuma kada magariba ta same mu a daji. Ni da taswira na zo, ina lissafin kilomita, shi kuwa lissafinsa na mutane ne da wurare. Ya ce mini, "Ɗana, kafin ka bar tasha ka san inda za ka yi azahar, ka san inda za ka kwana, ka kuma san wanda zai karɓe ka idan mota ta ƙi." A Buruku, tun kafin mai shayi ya gama haɗa mana, ya zagaya motar yana ɗora bayan hannunsa a kan kowace taya don ya ji zafinta, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai, sannan ya je ya gaisa da direbobin da suka fito daga yamma ya tambaye su halin da suka baro hanya. Haka ya yi a duk inda muka tsaya, kuma labarin da ya samo a bakinsu ya fi taswirata amfani nesa ba kusa ba, domin su ne suka san kwalbatin da ruwa ya cinye jiya da kwanar da tirela ta faɗi ta tare hanya.

Wannan tsari ya girmi mota. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, sayo goro haka suke tafiya, madugu na shugabantar ayari, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ana yada zango inda akwai ruwa da ciyawa da sarkin da za a biya kuɗin fito a sami kariyarsa. Tafiyar kan ɗauki watanni kafin a je a dawo, kuma ɗaya daga cikin mashigan da ayari ke tsallake Kwara shi ne Raba, wadda ba ta da nisa da Mokwa ta yau. Alhassan Ɗantata da kansa a fataucin goro ya fara kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi. Da na lura da yadda Baba yake tsara tafiyarmu, sai na gane cewa direbobin farko gadon madugai suka ci, jaki kawai suka sauya da inji.

Daga Tegina muka ratse kudu zuwa Zungeru, domin a can tarihin hanyar mota a Arewa yake da tushe. Lugga, Baturen da ke mulkin Arewa a lokacin, ya mayar da hedikwatarsa can daga Jebba a 1902, kuma a 1904 aka shiga aikin hanyar keken dabbobi daga Zungeru zuwa Zariya. A Kudu kuma, hanyar Ibadan zuwa Oyo ta 1906 ita ake ambata a matsayin hanyar mota ta farko a Najeriya. Sai dai zuciyar Turawa tana kan dogo, wanda ya isa Kano a 1911, saboda haka shekaru da yawa aikin hanya bai wuce ta kwaso gyaɗa da auduga da fata daga ƙauyuka ta kai su tashar jirgi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka yi aikin. Talakawa ne da ake tarawa ta hannun hakimi da dagaci a yi aikin tilas, su sare daji da gatari, su haƙa da diga, su ɗauko jar ƙasa a kwando bisa kai, sau da yawa a lokacin da gonakinsu ke jiransu. Ana tuna sunayen gwamnoni da injiniyoyi, amma waɗannan bayin Allah babu allon da ke ɗauke da sunan ko ɗaya daga cikinsu, kuma ina ganin duk mai ba da tarihin hanyoyinmu da bai fara da su ba ya tauye musu haƙƙi. A Zungeru kufai muka tarar da ginshiƙan gine-gine a cikin ciyawa, tun da an kwashe hedikwata zuwa Kaduna a 1917, har ƙaramar gadar ƙarfen nan ta Lugga ma daga baya aka ciro ta aka kafa a lambun Gamji da ke Kaduna.

A kan hanyar Bokani ne bakin Baba ya buɗe sosai. Ya ba ni labarin motocin bodin katako, fasinja zaune bisa buhuna, yaron mota a maƙale a baya da guntun katakon da zai dira ya cusa a ƙarƙashin taya idan mota ta gaza a hawa. Ya ce da damina, idan aka yi ruwa mai ƙarfi, akan sauke shinge a hanyar burji a hana manyan motoci wucewa har sai ƙasa ta tsane, kuma a irin wannan jira ne kasuwa kan ci a bakin shingen. Ya tuna ranar 2 ga Afrilu 1972, da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, yadda direbobi suka yi ta tafiya a hankali kowa na tsoron kowa. Bayan an fara harhaɗa Fijo a Kakuri a 1975, ƙananan motocin haya suka cika tashoshi, tafiyar da a da ake kwana a hanya ta zama ta yini guda ga mai gaggawa.

Garuruwan bakin hanya su ne suka fi koya mini darasi. A Tegina wata tsohuwa mai tuwo ta ɗago kai ta dubi Baba, ta ajiye mara, ta kira shi da laƙabin da ke rubuce a jikin motarsa ta da, wadda ta daɗe da zama tarihi. Ta shimfiɗa mana tabarma a rumfa, ta aika jikarta ta kawo ruwa a buta, kuma da muka gama ta ƙi karɓar kuɗi har sai da ya rantse. Ya gaya mini cewa a zamaninsu direba kan ci bashi a tafiya ya biya a dawowa, kuma ba takarda ba shaida, domin wanda ya ci amanar mai abinci ɗaya labarinsa zai riga shi isa Mokwa. Mai faci, da bakanike, da mai sayar da doya, da mai kifi banda a Jebba, da ladanin ƙaramin masallacin tasha, duk cin abincinsu a kan tsayawar mota yake. Rumfunan da muka gani a rufe sun nuna cewa tun a lokacin ciniki ya ja baya, saboda ramuka sun kori ƙananan motoci zuwa hanyar Abuja. Daga baya gadar Tatabu, tsakanin Mokwa da Jebba, ta karye a damina ta 2017, sannan a 2021 aka sace ɗalibai a Kagara da kuma Tegina, wanda ya ƙara tsorata matafiya.

Ba mu kaɗai wannan ya faru da mu ba. A Amurka an buɗe hanyar Lincoln daga New York zuwa San Francisco a 1913, kuma a 1919 ayarin motocin soja ya shafe kwana 62 kafin ya ratsa ƙasar, cikinsu har da Eisenhower, wanda da ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar gina manyan tituna a 1956. Sababbin titunan sun kauce wa ƙananan garuruwa, gidajen mai da masaukai da yawa suka mutu, har aka soke shahararriyar hanya mai lamba 66 a 1985. Bambancin shi ne su sun tattara hotuna da labaran direbobi da masu masauki, sun kafa alamomi da gidajen tarihi a bakin tsofaffin hanyoyin.

Mu ma muna da inda za mu fara. Takardun ma'aikatar ayyuka da na En'e suna nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ga kuma Gidan Arewa, amma abin da tsofaffin direbobi suka sani yana bakinsu ne kawai, kuma kullum raguwa suke yi. Tun bayan dawowarmu nake zuwa tashar Mando da ta Kawo da yamma, in nemi izinin shugabannin ƙungiyar direbobi, in zauna da dattawan ina naɗar hirarsu a waya. Wanda yake son ya bi hanyar da kansa a yanzu, ya fara zuwa wurin waɗannan shugabanni ya ji halin da ake ciki, idan suka ce ya dakata to ya dakata.