Karatun daren jarrabawa

Yau a zauren jarrabawa wata ɗaliba ta kifa kai a kan takardar amsa, barci ya kwashe ta da biro a hannu. Da aka tashe ta, ta ce tun bayan Isha'i take karatu har aka kira Asuba. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don ba lalaci ba ne, darasin mako 15 ta so ta haɗiye a dare guda. Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin barci take ajiye abin da aka karanta, shi ya sa wanda ya kwana ido biyu ko abin da ya sani sai ya kuɓuce masa da safe.

Maganin wannan shi ne bita kaɗan-kaɗan tun farko. Kwas mai yunit 3 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas) awa 3 ne a aji kowane mako. A ware masa wasu awa 3 na bita, a yanka su minti 45-45 da ɗan hutu a tsakani, waya na cikin jaka. A duba lacca ranar da aka yi ta, kafin rubutun ya zama baƙo. Tsakanin Asuba da laccar ƙarfe 8 ma akwai lokaci mai albarka. Ina ganin mu malamai ya kamata mu zauna da ɗaliban shekarar farko tun makon farko mu tsara wannan jadawali tare.