Wayar saita bugu ta sa muka ɗauka tsinin zuciyar tumaki malalaci ne

Tambayar da muka shiga ɗakin gwaji da ita ba mai wuya ba ce: shin bangon ɗakin ƙasa na hagu a zuciyar tunkiya yana matsewa daidai wa daida a tsini da gindi (wato faffaɗan ɓangaren sama), kuma me zai canza idan aka rage jinin da ke isa tsinin? Tsohuwar hanyar ƙwayoyin kiristal muka bi. A dasa biyu cikin tsoka, ɗaya ta jefa sauti ɗaya ta cafe, kuma tunda sauti na gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa cikin nama, kwamfuta za ta fitar da tazarar da ke tsakaninsu a kowane bugu. Maganin barci, buɗe ƙirji, dasa ƙwayoyin, duk sun tafi lafiya lau.

Abin da ya ci mu wata 'yar siririyar waya ce. Don kada saurin bugu ya bambanta daga dabba zuwa dabba, muna saita shi da na'ura, kuma takardar tsarin aiki da muka gada ta ce a ɗinka wayar a bangon ɗakin ƙasa, kusa da tsini, domin nan ne hannu ya fi kaiwa. Wato dab da ƙwayoyinmu.

Tun kafin mu taɓa jijiyar da ke kai wa tsinin jini, tsinin ya riƙa nuna rauni. Ya ɗan tsuke da wuri, sannan ya yi kasaƙe lokacin da zuciya ke tura jini, wani lokacin ma ya miƙe. Gindi kuwa aiki yake kamar an yi masa alkawarin lada. Zanen tazarar da kwamfuta ta fitar ya yi kama da abin da Tennant da Wiggers suka gani a karnuka a 1935, inda sashen da aka toshe wa jini ya daina matsewa cikin kusan minti ɗaya, ya koma kumbura waje. Amma mu jijiya a buɗe take. Muka fara murna, har Farfesa ya soma maganar mujallar da za a tura wa.

Wata likitar dabbobi da ta zo duba mana maganin barci ce ta leƙa ƙirjin ta ce, "Farfesa, a nan kuke sa wayar kullum?" Shi ke nan.

Ashe ba sabon abu ba ne. Frits Prinzen da abokan aikinsa a Maastricht sun nuna shi a karnuka tun 1990. Idan aka tayar da bugu daga ɗakin ƙasa, lantarkin ba ya bin hanyarsa mai sauri ta zaren Purkinje, sai ya rarrafa daga tsoka zuwa tsoka. Sashen da ke kusa da waya ya matse tun matsi bai hau ba, ya ƙarar da ƙarfinsa a banza, ya kuma ja sashen da ke nesa ya miƙar da shi. Tsokar da aka miƙar kafin ta matse ta fi ƙarfi, ƙa'idar Frank da Starling ke nan. Bambancin da muke ta aunawa mu muka ƙirƙire shi da waya.

Da muka mayar da ita ɗakin sama na dama, tsinin ya farfaɗo a bugun farko. Ɗan bambanci ya rage, amma bai kai abin da za a yi shela a kansa ba.

Ba watannin da suka tafi ne ke ci mini rai ba. Tumakin ne. Kwamitin kula da haƙƙin dabbobi adadi ya ƙayyade mana, kowace ba ta tashi daga teburin ba, kuma bayanan rukunin farko ba su amsa tambayarmu ba. Komawa neman ƙarin dabbobi da wannan dalili ba daɗi.

Wanda zai yi irin wannan aiki, ya fara ɗaukar bayanai na wasu mintoci da bugun dabbar na kanta kafin ya kunna na'ura. Kada kuma ya tsaya kan kason tsukewa da kwamfuta ke bayarwa daga farkon matsewa zuwa ƙarshe. Lamba ɗaya ce, tana ɓoye lokacin da tsukewar ta faru. A ɗora zanen tazara kan zanen matsin jini a duba da ido. Da mun yi haka, da mun ga tsini na riga kowa.

Sai alkiblar ƙwayoyin. Streeter ya nuna a 1969 cewa zaren tsoka na juyawa daga kusan digiri 60 a cikin bango zuwa kusan 60 ta ɗaya gefen a waje, shi ya sa zuciya ke murɗawa kamar ana matse wanki. Don haka zurfin dasa ƙwaya da ya bambanta tsakanin tsini da gindi shi ma zai haifar da bambancin ƙarya. Yanzu bayan kowane gwaji muna yanka bangon mu auna zurfin kowace ƙwaya, mu rubuta shi a layi ɗaya da wurin da wayar ta zauna.