Mako na huɗu: direban PostgreSQL ya ƙi shiga a Ubuntu 24.04

'Yan'uwa masu koyo, zamanmu na Asabar a Tudun Wada ya tafi ne kacokan a kan haɗa Python da rumbun bayanai na PostgreSQL ta hanyar psycopg2, wato direban da ke ba Python damar magana da rumbun. Ga inda aka kwana.

Cikas na farko ba na direban ba ne. Da zarar an buga `pip install psycopg2` kai tsaye (pip shi ne kayan girka ƙunshin Python), Ubuntu 24.04 zai ce `externally-managed-environment`, don yana kare Python ɗin da shi kansa yake aiki da shi. Mafita ita ce a yi wa aikin keɓaɓɓen muhallin Python nasa: a girka `python3-venv`, a buga `python3 -m venv env`, sannan `source env/bin/activate`. Don Allah a bar `--break-system-packages`, zaɓin da ke tsallake wannan kariya, ɓarnarsa daga baya take fitowa.

Na biyun shi ne babba. Wani ɓangare na psycopg2 da harshen C aka rubuta shi, kuma a kan kwamfutarka pip yake harhaɗa shi, saboda haka sai ya tarar da kayan aiki a ƙasa. In bai tarar ba, zai fito da jan rubutu na kuskure; kada ido ya tsaya a layinsa na ƙarshe. A hau sama, can ainihin ƙorafin yake. In ya ce `pg_config executable not found`, babu `libpq-dev`. In `Python.h` ne bai gani ba, `python3-dev` ake nema. In kuwa gcc, mai harhaɗa harshen C, yake cigiya, `build-essential`. Umarni ɗaya ya wadatar bayan `sudo apt update`:

`sudo apt install libpq-dev python3-dev build-essential`

Mai ƙarancin data ya ɗauki `psycopg2-binary`, wanda ya zo a harhaɗe da nasa libpq, wato ɗakin karatun C da ake magana da PostgreSQL ta cikinsa. Don koyo ya isa, amma a sabar (server) da ake ainihin aiki a kanta gara wanda aka harhaɗa a wurin.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa, batiri kuma ya mutu, apt, mai girka manhajoji a Ubuntu, zai ƙi motsi da `dpkg was interrupted`. Ba sai an sake zuba Ubuntu ba: `sudo dpkg --configure -a`, sai `sudo apt --fix-broken install`.

Direba ya shiga amma ana ganin `Peer authentication failed`? To, haɗin ya bi ta soket ne, wato hanyar cikin gida ta kwamfutar, inda PostgreSQL ke gwada sunan mai shiga da na asusun Linux. A sa `host="localhost"` domin ya bi tashar 5432 ya nemi kalmar sirri. Dokokin suna cikin `/etc/postgresql/16/main/pg_hba.conf`, kuma duk wanda ya taɓa fayil ɗin sai ya buga `sudo systemctl reload postgresql`.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, mysqlclient ne, direban rumbun bayanai na MySQL. Kowa ya zo da `pkg-config` da `default-libmysqlclient-dev` a girke tun daga gida.