Daren da aka cire mini anini

Makon jiya na mayar da jiragen runduna da ke hannuna, Basilisk huɗu da Osprey goma sha ɗaya, na rubuta takardar sallama, na fita daga Discord ɗinmu, manhajar da muke hira a cikinta. Shekara uku da wata bakwai ke nan tun ranar da na shiga a matsayin kurtu. Mu da muke buga EVE Online, wasan yaƙin jiragen sararin samaniya a intanet, daga nan Arewa ba mu da yawa, kusan duk kun san rundunar da nake nufi, don haka ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Mutum biyu cikinku sun tambaye ni ko ya dace su shiga irin waɗannan rundunoni masu kwaikwayon tsarin soja. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A watan Afrilun 2020 na shiga, lokacin kullen korona, Kaduna ta yi tsit, ba kasuwa ba masallacin Juma'a. Ni ɗan Unguwar Kanawa ne, a gefen tsohuwar NDA na tashi, kuma mahaifina saje ne mai ritaya. Yaron da ya girma yana jin begila da asuba, in ya tarar da mutanen da ke yin fareti duk Lahadi a kan layin murya, suna da kurtu da kofur da manjo, suna rubuta rahoto bayan kowane yaƙi, ai ba sai an roƙe shi ba. Muna ɓangaren Caldari, muna gwabzawa da 'yan Gallente a yankin Black Rise. Yawancin 'yan rundunar Turawa ne, daga Jamus da Foland da Ingila, ni kaɗai ne daga Afirka. Na ɗauki aikin loji, wato gyaran jiragen 'yan'uwa ana tsakiyar yaƙi, wanda a lokacin mutane ke gudu saboda sunanka ba ya fitowa a jerin waɗanda suka yi kisa, na yi ta hawa har na sami anini biyu, na zama laftanar kuma turken masu gyara. Kun san nauyin turke. Sauran jiragen loji kai suke bi, inda ka juya nan suke juyawa, kuma a Basilisk kowa na cikin sarƙar wuta, yana tura wa na samansa da na ƙasansa wutar da jirgi ke aiki da ita. Zobe ɗaya ya fita, sarƙar ta fara rawa.

Manjon da ke jan yaƙinmu gwani ne, wannan ba zan hana shi ba. Na ga ya fitar da jirage talatin daga bakin ƙofar Tama ba tare da an rasa ko ɗaya ba. Sai dai mutum ne da muƙami ya fi masa komai daɗi. Yana da doka cewa wanda bai kai saje ba ba ya zama turke, ko da wasa. A watan Agustan 2023 abokan gaba suka daki tasharmu, Astrahus ɗin da muke ajiye kaya, aka tsayar da karon ƙarshe daren Asabar, ƙarfe 20:30 agogon EVE, wato tara da rabi na dare a nan. Sajen loji ɗaya tilo da muke da shi matarsa ta haihu, ya ɗauki hutu. Ni kuma na san Agustan Kaduna.

Ranar Alhamis na ja Manjo zuwa ɗakin murya, mu biyu kawai. Na ce, "Yallabai, damina ce a wajenmu. In ruwa ya sauko da iska, sabis yakan ɗauke gaba ɗaya. Ina neman izini in naɗa kofur ɗina ya zama turke na biyu, ni na horar da shi, ya iya." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce hafsa ba ya shirya wa rashin kansa, kuma in ba zan iya ba in faɗa yanzu ya nemi wani. Wannan maganar ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Shekara uku ina ƙoƙarin kada a ce ɗan Afirkan nan ne matsala. Sai na ce, "Zan iya, yallabai." Muka fita daga ɗakin, ban rubuta ko harafi ɗaya a ko'ina ba.

Ranar Asabar na yi duk abin da ɗan Adam zai iya yi. Na sayo lita biyar ta fetur, lokacin an cire tallafi, lita ta haura naira 600. Na tayar da janareta tun kafin a ɗauke wuta don kada laftof ɗina ya mutu a tsakiya, batirinsa ba ya riƙe komai. Na sa data a layi biyu na kamfani daban-daban, na ba ƙanena waya ɗaya na ce ya zauna bakin taga. Da na fito daga sallar isha'i na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, walƙiya na wasa a cikinsa. Na tsaya a ƙofar masallaci ina tunanin in aika wa kofur saƙo a ɓoye in ce ya zama cikin shiri. Ban aika ba, don an ce mini a'a, ni kuma ɗan saje ne.

Muka fita da jiragen faɗa Ferox arba'in da biyu da Basilisk takwas. Minti ashirin na farko sun fi duk wani yaƙi da na taɓa yi kyau. Kiran neman ɗauki na shigowa, muna kama mutum kafin garkuwarsa ta kai rabi, ba mu rasa kowa ba. Sai iska ta taso, ƙofar ɗaki ta bugu, ruwa ya sauka kan kwano har ba na jin abin da ke kunnena. Muryar Manjo ta fara yankewa, kalma ɗaya ta zo, uku su ɓace. Jerin kiran ya daskare a kan allo. Ƙanena ya miƙa hannu waje ta taga, ruwa na dukan wayar, yana cewa, "Yaya, babu ko sanda ɗaya! Yaya, ɗayan ma babu!" Minti goma sha ɗaya muka yi a haka, ina kallon agogon bango. Da sabis ya dawo na shiga, sai na tsinci kaina a tasha cikin sabon jiki, ba jirgi.

Daga baya kofur ɗin ya ba ni labarin abin da ban gani ba. Ya lura cikin daƙiƙa kaɗan cewa jirgina ba matuƙi. Ya ga loji suna nisa da Ferox, ya san abin da ya kamata a yi, ya iya yin sa. Sau uku yana neman izinin karɓar turke a layin murya, Manjo na tsakiyar kiran waɗanda za a harba, ya daka masa tsawa ya bar layi. Sai ya bari. Basilisk takwas suka tafi, Ferox talatin da ɗaya suka bi su, tashar ma ta tafi.

Lahadin da ta biyo aka kafa kotun soja. Mutum kusan arba'in na saurare, ni an rufe mini murya sai an ba ni dama. Tuhuma biyu: barin wurin aiki ana tsakiyar yaƙi, da rashin sanar da na gaba. Manjo ya buɗe da labarin da ya fi so, na B-R5RB, yaƙin Janairun 2014 da aka kwana ana yi, aka rasa Titan 75, mafiya girman jiragen yaƙin wasan, wanda asalinsa kuɗin riƙe yanki ne da ba a biya a kan lokaci ba. Ya ce sakacin mutum ɗaya kan ci runduna. Kanar ya buɗe mini murya ya tambaye ni ko na sanar. Na ce na sanar ranar Alhamis. Ya ce ina shaidar? Na ce da baki muka yi. Ya juya ga Manjo. Manjo bai ce ba a yi ba, wayonsa ya fi haka, cewa ya yi ba ya tuna wata magana makamanciyar wannan. Sannan ya ƙara da abin da har yau in na tuna ƙirjina ke zafi, wai wanda ke zaune inda ba a iya dogara da wuta ko intanet bai kamata ya nemi muƙami ba tun farko. Babu wanda ya tanka. Mutanen da na shekara uku ina ceton jiragensu, ko tari babu wanda ya yi. Ina kallo launin sunana ya canza a Discord, daga na hafsoshi ya koma na kofur.

Na san akwai mai cewa ai wasa ne. Wasa ne, amma dararen da na ba shi ba na wasa ba ne, kuma wulakanci a gaban mutum arba'in ɗanɗanonsa ɗaya ko a ina aka yi maka shi.

Washegari da safe na tarar da Baba a zaure kan buzunsa, rediyo a gefe. Bai taɓa ɗaukar abin nan da muhimmanci ba, "yaƙin kwamfuta" yake ce masa. Ya ga fuskata ya tambaya, na kwashe duka na faɗa masa. Ya rage muryar rediyon ya ce, "Ka rubuta?" Na ce a'a, Baba. Ya ce a bariki ko fitila ce ta mutu a bakin get, a littafi ake sa ta da lokaci da sa hannu, ba don ana zargin kowa ba, sai don ranar da hafsa zai manta, kuma hafsa yakan manta daidai ranar da mantuwar za ta amfane shi. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce, "Shi yaron naka, kofur ɗin, wa ya koya masa tsayawa jiran izini gida na ci da wuta?" Na yi shiru. Ya ce, "Kai ne. Kai ka horar da shi, da bakinka ka faɗa."

Wannan ta fi hukuncin kotun ciwo, domin gaskiya ce. Wata shida ina koya wa yaron nan nisan da zai tsaya, da yadda zai gyara sarƙa in zobe ya fita, da wanda zai fara ceta in kira biyu sun zo tare. A kowane darasi kuma ina cusa masa cewa ba a motsi sai na gaba ya ce. Na ba shi hannu na kuma ɗaure hannun. Manjo ya zalunce ni, ban yafe wannan ba tukuna, ina dai roƙon Allah Ya sassauta mini zuciya. Amma jirage bakwai da suka bi gawar jirgina har suka halaka, tarbiyyata suka bi.

Ban fita a lokacin ba, don ban so a ce fushi ya kore ni. Na ƙara wata uku ina kofur. Na rubuta takarda shafi ɗaya na raba wa duk ɗan loji, na kuma sa ta inda kowa zai gani da kwanan wata: in turke ya yi daƙiƙa goma bai motsa ba bai yi magana ba, na ƙasansa a sarƙa ya karɓa, ya faɗi sunansa sau ɗaya, kada ya tambayi kowa. A watan Oktoba sabon laftanar, wanda ke zaune a tsakiyar Turai inda aka ce ana iya dogara da komai, intanet ɗinsa ya yanke ana tsakiyar yaƙi. Kofur ɗin nan ya karɓa kafin a ƙirga goma. Basilisk ko ɗaya bai faɗi ba. Sati biyu bayan haka dokar ta shiga kundin runduna, kalma da kalma yadda na rubuta ta, da sunan Manjo a ƙasa. Ranar na san zamana ya ƙare.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka faɗi lokutan sallarka tun ranar farko, a rubuce, kuma ka tuna musu kafin azumi, domin magariba a nan takan faɗa daidai lokacin da Turawa ke haɗa jirage. Kada ka zuba ISK ɗinka, wato kuɗin cikin wasan, a asusun runduna kafin ka tara PLEX 500 da ake biyan kuɗin wata da su, mu da biyan dala ke mana wuya babu mai tuna mu in asusu ya rufe. Sunanka na gaskiya da hotonka ba na kowa ba ne, komai daɗin da kuka yi. In kana son sanin halin runduna, kada ka je faretinta, nemi a ba ka rahoton yaƙin da suka sha kashi ka ga sunan wa ke ciki.

Ku biyun da kuka tambaya, ba zan ce kada ku shiga ba. A can na koyi magana a taƙaice cikin ruɗani, na koyi riƙe mutum takwas a kai lokaci ɗaya, har a wurin aikina na yini an ga bambanci. Ku dai tambayi kwamandan tun kafin ku sa hannu me yake yi in hafsansa ya ɓace ana tsakiyar yaƙi, ku saurari amsar da kyau, ku kuma nemi ya rubuta muku ita.

Basilisk ɗaya ya rage mini, wanda na saya da guminna, yana ajiye a Jita, babbar kasuwar wasan. Ƙanena ya buɗe nasa asusun na kyauta, ya kusa gama koyon Osprey. Na sayi guda biyu jiya, daren Juma'a za mu gwada sarƙar mu biyu, shi ne turke.